Kashi 30 na Manhajar Jami'a: A Ba Kogin Bagudo Rabonsa

A farkon Satumban 2020, ma'aunin ruwan Kogin Neja da ke Yamai ya kai kusan mita 7, tsayin da ba a taɓa ganin irinsa a wurin ba tun da aka fara aunawa. Hukumar kula da kwarin kogin, wadda hedikwatarta ke Yamai ɗin, ta yi shela. Hukumar lura da ruwa ta Najeriya, NIHSA, ita ma ta yi gargaɗi. Ruwan da ya wuce Yamai kuwa ba shi da wata hanya sai ta Gaya da Malanbil, daga nan ya faɗo Najeriya ta wajen Lolo a ƙaramar hukumar Bagudo, kuma kwanaki ne kawai tsakani. A daminar nan jami'an jihar Kebbi suka ce ambaliya ta cinye kimanin hekta 450,000 na shinkafa, wata ta gefen Rima, wata ta gefen Neja. Manoman da suka ci bashin iri da taki suka wayi gari gonakinsu sun zama tafki.

Gargaɗi ba ya hana ruwa zuwa, wannan gaskiya ne. Amma kwanakin nan da ke tsakanin Yamai da Lolo suna isa a kwashe injin ban ruwa daga fadama, a ɗauke buhunan hatsi daga rumbun da ke gangare, a kora dabbobi tudu, a fitar da tsofaffi da yara tun hanya ba ta yanke ba. Abin da ke damuna shi ne mutumin da ya kamata ya tsaya tsakanin lambar da aka karanta a Yamai da manomin da ke Illo. Wannan mutum malamin gona ne, ko ma'aikaciyar asibitin karkara, ko shugaban makarantar firamare, ko jami'in sakatariyar ƙaramar hukuma, ko wakilin gidan rediyo. Da yawansu sun yi digiri. Kaɗan ne daga cikinsu aka taɓa zaunar da su a aji aka nuna musu abin da mita 6 ko mita 7 a Yamai ke nufi ga fadamar da ke bayan garinsu.

Akwai ƙofar gyara wannan, kuma a buɗe take. A Disamban 2022 Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, NUC, ta ƙaddamar da sabuwar manhaja mai suna CCMAS wadda ta maye gurbin tsohuwar. Tsarinta shi ne hukumar ta rubuta kashi 70 cikin 100 na abin da za a koyar a kowane fanni, kowace jami'a kuma ta cike sauran kashi 30 da abin da ya dace da ita da yankinta. Ƙungiyar ASUU ta yi ƙorafi cewa kashi 70 ya yi yawa, an ƙwace wa majalisun jami'o'i haƙƙinsu, kuma ƙorafin yana da tushe. Sai dai tun da an riga an fara aiki da tsarin, tambayar da ta fi kusa da mu ita ce: me jami'o'in Kebbi suka zuba, ko za su zuba, a cikin nasu kashi 30? Digirin shekara huɗu yana buƙatar aƙalla yunit 120. Kashi 30 ɗinsa yunit 36 ke nan. Ba ƙaramin fili ba ne.

Ra'ayina shi ne Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, da jami'ar jiha da ke Aliero, da Jami'ar Aikin Gona ta Zuru, su ware yunit 12 zuwa 15 daga wannan fili su gina ƙaramin fanni na nazarin muhalli, wanda ɗalibin kowane sashe zai iya ɗauka kusa da babban fanninsa, a kuma rubuta masa shi a takardar sakamako. Jami'o'in Amurka sun daɗe da irin wannan tsari: mai karanta lissafi, misali, ya ɗauki kwas biyar zuwa bakwai a muhalli, ɗaya na shimfiɗa, ɗaya na kimiyya, ɗaya na doka da zamantakewa, sauran ya zaɓa. Mu ma ba baƙon abu ba ne a wurinmu, domin duk wanda ya yi NCE a kwalejin ilimi irin ta Argungu ya san haɗa fanni biyu. A jami'a ne kawai muke kulle ɗalibi a sashe guda tun daga ranar da JAMB ta ba shi gurbi har ranar da zai sa rigar yaye. Tsangayar da ake kira ta kimiyyar muhalli a yawancin jami'o'inmu masu zanen gini da magina da masu ƙiyasin kayan gini da masu tsara birane take yayewa. Ana buƙatarsu, amma ɗalibar aikin jinya ba ta da hanyar shiga ajinsu, kuma ko ta shiga ba za ta ji labarin fadama ba.

Tsarin za mu ara, abin cikinsa kuwa a nan za mu samo shi. Idan kwamiti ya zauna ya kwafo jerin kwasa-kwasan wata jami'ar Turai, ɗalibi zai fito ya haddace narkewar ƙanƙara da sunayen yarjejeniyoyin duniya, ya ci jarrabawa, ya kuma kasa gaya wa kawunsa ranar da ya kamata ya janye daga bakin gulbi. Shi ya sa nake cewa wanda duk zai rubuta sharuɗɗan wannan ƙaramin fanni ya shimfiɗa taswirar Bagudo a gabansa kafin ya ɗauki biro. A wannan ƙaramar hukuma guda akwai babban kogi, akwai fadamar shinkafa, akwai masunta, akwai makiyaya masu ƙetara iyaka, akwai daji da ake sara, akwai kuma iyakar ƙasa da Benin ta Tsamiya da ta Lolo, ga Nijar a kusa. Duk abin da littafi zai faɗa game da muhalli, ga shi nan ana rayuwa da shi.

Kwas na farko, wanda ba za a yafe wa kowa ba, shi ne kogin kansa. Yana da tsawon kilomita wajen 4,200, daga tsaunukan Gini ya ratsa Mali da Nijar, ya shafi Benin, ya shigo mana. Ƙasashe tara ne ke cikin hukumar da ke kula da kwarinsa, wadda aka kafa a 1964 aka sake mata fasali a 1980. Abin da ɗalibi zai fara sani shi ne kogin nan sau biyu yake cika a shekara. Cikar farko ta damina ce, daga Agusta zuwa Oktoba, ruwan da ya sauka a Burkina Faso da yammacin Nijar da arewacin Benin da ƙasarmu, mai ɗauke da laka, wanda injiniyoyin Kainji ke kira farin ruwa. Cika ta biyu ruwan Gini ne. Shi ma da damina ya sauka, amma sai ya bazu a manyan fadamun tsakiyar Mali ya yi watanni yana tafiyar hawainiya, ya zubar da lakarsa, sannan ya iso nan cikin sanyin hunturu, lokacin da sama ba ko gajimare. Shi ne baƙin ruwa. Masunta da manoman gaɓa sun san wannan tun kaka da kakanni, da shi suke lissafin noman rani da kamun kifi. Ɗan jami'a ne bai sani ba.

Akwai kuma abin da ya fi wannan muhimmanci. Masu binciken ruwa a Yamai sun daɗe da lura cewa cikar damina ta ƙara ƙarfi tun bayan farin shekarun 1970 da 1980, har ta kai tana zarce cikar Gini. Dalilin ba yawan ruwan sama kaɗai ba ne. Ƙananan koguna irin Sirba da Dargol da Goruwal, masu gangarowa daga Burkina Faso, suna bi ta ƙasar da aka sare itatuwanta aka nome ta har ta zama faƙo. Ƙasar da ta yi tauri ba ta shan ruwa, sai ya gudu a kanta gaba ɗaya ya faɗa kogi cikin 'yan kwanaki. Wato itacen da aka sare a wata ƙasa da manomin Bagudo bai taɓa takawa ba yana da hannu a nutsewar shinkafarsa. Ɗalibin da ya gane wannan zai gane cewa saran da ake yi a dajin garinsu shi ma wani ne a Yawuri ko a gaba zai biya kuɗinsa. Sannan a nuna masa madatsun ruwa: Kainji da aka kammala a 1968 tana ƙasa da mu, Goronyo da Bakolori suna saman Rima da gulbin Sakkwato waɗanda ruwansu ke ƙarewa cikin Neja a jihar nan, Kandaji kuma, da Nijar ta aza harsashinta a 2008 a arewa da Yamai, aikinta yana tsayawa yana tashi. Ranar da aka rufe bakin Kandaji, lokacin isowar ruwa da yawansa a Lolo za su canza, kuma ya kamata a samu 'yan Kebbi da suka san tambayar da za su yi tun kafin ranar.

Jarrabawar wannan kwas, a ganina, kada ta tsaya a takarda. A miƙa wa ɗalibi hasashen damina na hukumar hasashen yanayi, NiMet, da hasashen ambaliya na NIHSA na shekarar, a ce ya fito da abin da ya shafi ƙaramar hukumarsa, ya faɗe shi da Hausa cikin minti biyar yadda mai unguwa zai iya maimaitawa a ƙofar masallaci. Wanda ya iya Fulatanci ko Zabarmanci ko Dandanci ko Busanci ya yi da shi, a ƙara masa maki. Wanda ya kasa, bai ci ba, ko da ya cika takarda goma da Turanci.

Kwas na biyu na guba ne, kuma shi ya fi kusa da jikin mutane. Mai karatu ya tsaya a teburin mai sayar da maganin feshi ranar kasuwa a kowane garin iyaka. Ga kwalabe jere cikin rana, wasu da lambar NAFDAC, wasu rubutunsu Faransanci ne, wasu an ɗuro su a gorar lemo ba ko takarda a jiki. Mai saye ba ya tambayar suna, cewa yake a ba shi mai ƙona ciyawa ko mai kashe tsutsa, mai sayarwa kuma ya ce murfi biyu a tanki. Washegari za ka ga yaro ɗan shekara goma sha biyar da tankin feshi a baya, ba takalmi, ba abin rufe hanci, rigarsa ta jiƙe sharkaf da abin da ke ɗiga daga murfin tankin. In ya gama ya wanke tankin a kududdufin da shanu ke sha. Kwalbar da ta ƙare kuma ba a jefar da ita, a gida za ta ƙarasa, a zuba mata man gyaɗa ko kananzir.

Ƙetaren iyakar nan yankin auduga ne. Benin tana cikin manyan masu noman auduga a Afirka, kuma lardin Alibori, inda Kandi da Banikwara da Segbana suke, shi ne cibiyar noman. Auduga tana cin magani ƙwarai. Benin ta haramta maganin endosulfan a 2008 bayan an yi ta samun mace-mace a ƙauyukan auduga, duniya kuma ta sa shi cikin jerin haramtattu a 2011. Kaya suna tafiya ta ɓangarorin biyu, na can ya zo nan, na nan ya je can, kuma maganin da aka yi domin auduga yakan ƙare a kan wake da kayan miya. Kogunan Alibori da Sota, masu wanke gonakin audugar, cikin Neja suke zubawa kafin ya iso mana. Ga kuma tsohuwar masifar zuba gamalin a ruwa don kama kifi. Ɗalibin aikin jinya ko harhaɗa magunguna ko aikin gona da ya ɗauki wannan kwas zai fito ya iya karanta launin gargaɗi a jikin kwalba, ya san alamun wanda guba ta shiga jikinsa, ya san kwana nawa ake jira tsakanin feshi da girbi. A ƙara masa da darasin Zamfara na 2010, inda gubar dalma daga niƙan dutsen zinariya a cikin gidaje ta kashe yara fiye da 400, domin ana haƙar zinariya a ƙasar Yawuri ma.

A nan ne Faransanci ya shigo. Ba ina nufin a mai da kowa tafinta ba. Zango guda na karanta takardar jikin kwalba, da sanarwar ruwa daga Yamai, da takardar izinin kiwo, ya wadatar. Abin kunya ne a ce jami'ar da ke tafiyar sa'o'i kaɗan daga ƙasashe biyu masu aiki da Faransanci tana yaye jami'an gona da lafiya da ba su iya karanta gargaɗin guba da aka rubuta da shi.

Kwas na uku na doka ne da zaman tare, kuma shanu ne za su koyar da shi. Yarjejeniyar Ingila da Faransa ta 1898 ce ta raba ƙasar Bargu, Illo da Busa suka faɗo hannun Ingila, Nikki ta tafi hannun Faransa. Layin ya raba dangi, ya kuma ratsa burtalin da Fulanin Ka'oje da maƙwabtansu ke bi da rani. A 1998 ƙungiyar ECOWAS ta amince makiyayi ya ƙetara iyaka da dabbobinsa matuƙar yana da takardar shaida. A ƙarshen 2019 Benin ta hana shigowar garkunan ƙetare. Garken da ya saba wucewa, in aka tare shi, a ina zai tsaya? A bakin fadamar da tun bayan ƙaddamar da shirin ba manoma bashi na Anchor Borrowers a Kebbi a Nuwamban 2015 ake ƙara nome ta rani da damina, har mashayar da ta rage ta zama gona. Duk ɗalibin jami'a yana yin kwas ɗin zaman lafiya da sasanta rikici a cikin darussan gama-gari. To ga rikicin da za a sasanta, da dokar wuraren kiwo ta Jihar Arewa ta 1965, da dokar tantance illar ayyuka ga muhalli ta 1992, da hukuncin hakimi da ardo da sarkin ruwa. Kada a raina na ƙarshen nan. Hana kamun kifi a Matan Fada ta Argungu sai lokacinsa ya yi doka ce ta kare ruwa da ta girmi duk hukumomin muhallinmu, kuma mutane suna bin ta. Batun gawayi da saran madobiya, wadda makiyaya ke sassabe wa shanu ganyenta da rani kuma 'yan katako suka yi wa ca har aka sa ta cikin itatuwan da duniya ke sa wa ido a 2017, ana iya cusa shi a nan ba sai an ba shi kwas na kansa ba.

Na san abin da shugabannin sassa za su ce. Kowane sashe yana ganin yunit 36 ɗin nan nasa ne, kuma yana da kwasa-kwasan da NUC ta zubar masa da yake son dawo da su. Za su ce malamai ba su isa ba, aji ya cika, jadawali ya cushe. Duk gaskiya ne. Amma ba tilas nake nema a kan kowa ba, hanya nake nema ga mai so. Kwasa-kwasan kuma ba sai an ɗauko sababbin malamai ba: na kogi yana wurin malaman labarin ƙasa, na guba yana wurin malaman sinadarai da na gona, na doka yana wurin malaman zamantakewa, Faransanci yana sashen harsuna. Abin da babu shi ne takardar da za ta ɗaure su wuri guda, da sa'a biyu a mako da za a keɓe a jadawali don kada ajin ƙaramin fanni ya ci karo da na babban fanni. Wanda zai ce takardar ba ta kawo aiki, ya duba shirin ACReSAL na dala miliyan 700 da Bankin Duniya ya amince da shi a ƙarshen 2021 don jihohin Arewa 19 da Abuja, da hukumar Babbar Ganuwar Itatuwa wadda Kebbi ke cikin jihohinta 11, da hukumar raya yankunan madatsun lantarki. Dukkansu suna neman akawu da lauya da injiniya da jami'in wayar da kai da suka san ƙasa da ruwa.

Sharaɗi na ƙarshe shi ne wanda za a fi son tsallakewa, shi ne kuma bai kamata a tsallake ba: zaman mako biyu a gari na bakin kogi, da rahoto a kan abu guda da ɗalibi ya auna da hannunsa. Ya bi tsofaffin gari su nuna masa inda ruwan 2012 ya tsaya da inda na 2020 ya tsaya a jikin bango ko gindin itace, ya sa alama, ya zana taswira. Ko ya ƙirga irin magungunan da ke teburan kasuwa guda da nawa ne ke da rajista. Ko ya bi burtali da ƙafa ya rubuta inda gona ta cinye shi. Kwafin rahoton guda ya zauna a laburare, guda a ofishin hakimi. In aka yi haka shekara goma, jami'a za ta mallaki bayanan da babu ma'aikatar da ke da su a yau.

Matsalar tsaro a bakin iyakar gaskiya ce, kuma babu uban da zai yarda a kai ɗansa inda ake fargaba. Sai a bi ta hankali. Ɗaliban da 'yan yankin ne su yi aikin a garuruwansu lokacin hutu, ƙarƙashin idon hakimi da malamin da zai riƙa bin su ta waya. Sauran a kai su Argungu ko Yawuri ko cibiyar binciken kifi ta Sabuwar Busa har lamari ya daidaita. Kuɗin mota da masauki kuma kada a ɗora wa ɗalibi, domin ɗan talaka ne zai fara janyewa, alhali shi ne ya fi sanin fadama. Gwamnatin jiha tana ware kuɗin agajin ambaliya kusan kowace damina. Kaso kaɗan daga ciki zai ɗauki nauyin ɗalibai hamsin a shekara. Abin da ya rage shi ne malami guda a sashen labarin ƙasa da guda a sashen gona su rubuta takardar, shugaban tsangaya ya sa hannu, a shigar da ita zaman majalisar jami'a kafin a buga jadawalin zango mai zuwa.